Bayan Mariya Ta Wuce, Wa Ya Ta Da Gonakin Puerto Rico?



Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san inda hadari ke fitowa. Daga gabas yake haɗowa, gari ya yi duhu, iska ta riga shi isowa da ƙura, ya zubar da abin da Allah ya nufa, ya nausa yamma. Mu da ya wuce kanmu shi ke nan, sai a saɓi fartanya. Amma shi tafiyarsa ba ta ƙare ba. Masana yanayi sun daɗe da gano cewa jerin hadarin da ke ratsa yankinmu na Sahel a tsakiyar damina yana bi ta Mali da Senigal ya faɗa tekun Atlantika, kuma idan ya tarar da ruwan tekun da ɗumi, wani daga ciki yakan shiga juyawa yana ƙara ƙarfi har ya rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa. Yawancin manyan guguwoyin da ke afka wa tsibiran Karebiyan daga nan gefenmu suke samo asali. Wadda aka sa wa suna Mariya ma haka ta faro. Ta bar gaɓar Afirka ta Yamma wajen 12 ga Satumban 2017, ta bi ta kan tsibirin Dominika ta yi masa kaca-kaca, sannan da safiyar 20 ga watan ta sauka a garin Yabucoa, a kudu maso gabashin tsibirin Puerto Rico, da iskar da gudunta ya kai kilomita 250 a awa guda.

Puerto Rico ɗan tsibiri ne, faɗinsa bai kai rabin jihar Kano ba, mutanensa kuwa a lokacin sun haura miliyan 3. Yana hannun Amurka tun 1898 da ta ƙwace shi daga Sifaniya. Cikin kimanin awa 8 guguwar ta ratsa shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. A yankin Caguas ruwan da ya sauka cikin kwana biyu ya haura milimita 900, wato kwatankwacin abin da Kano ke samu a damina sukutum. Ƙasa ta zaftare a wurare sama da 40,000 a kan duwatsun tsakiyar tsibirin. Wutar lantarki ta ɗauke ko'ina, kuma sai da aka yi kusan wata 11 kafin ta koma gida na ƙarshe. Gwamnati da farko ta ce mutum 64 ne suka rasu. Bayan kusan shekara guda, da Jami'ar George Washington ta yi nata binciken, aka amince da 2,975. Allah ya kyauta.

Wannan duka duniya ta ji a lokacin. Abin da ba a cika bibiya ba, wanda kuma shi ne maganarmu ta yau, shi ne halin da gona ta shiga, da yadda aka yi ta sake tsayawa. Sakataren noma na tsibirin a lokacin, Carlos Flores Ortega, ya ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na darajar amfanin gona ya salwanta, asarar da ta kai dala miliyan 780. Gonakin ayaba da na agade, wato ayabar nan ta suya wadda ita ce cimarsu ta kullum, sun kwanta kamar an shimfiɗa tabarma. Itatuwan kofi miliyoyi sun tuge. Rufin kejin kaji ya tashi. Masu shanun madara sun riƙa tatsa suna zubarwa, domin ba wutar da za ta sanyaya madarar, ba hanyar da mota za ta bi ta ɗauka. Hatta ƙudan zuma yunwa ta kama su, saboda iska ba ta bar fure ko ɗaya a kan itace ba, har sai da masu amya suka koma jiƙa musu sukari.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Puerto Rico ya daɗe da tsagewa kafin Mariya ta zo. Shekaru aru-aru an mai da ƙasarsu mai albarka wurin noman rake da taba da kofi don a kai waje. Daga ƙarshen shekarun 1940 kuma aka juya akalar tattalin arzikin zuwa masana'antu, dubban ɗaruruwan mutanen karkara suka bar gona, wasu suka koma San Juan babban birnin, wasu suka haye New York. Noma ya zama aikin da uba ba ya yi wa ɗansa fata. Aka wayi gari tsibirin da ko sanda ka dasa za ta yi tsiro yana shigo da kashi 85 cikin 100 na abincinsa daga waje, yawanci ta jiragen ruwan da ke tasowa daga Jacksonville a jihar Florida. Akwai kuma wata dokar Amurka ta 1920, da ake kira dokar Jones, wadda ta wajabta cewa duk kayan da za a ɗauka tsakanin tashoshin ruwan Amurka sai a jirgin da aka ƙera a Amurka, mallakar Amurkawa, ma'aikatansa Amurkawa. Mutanen tsibirin sun daɗe suna kukan cewa tana tsawwala musu farashi. Bayan guguwar an ɗage ta na kwana 10 kacal. Ko da kayan suka iso ma, dubban kwantenoni sun yi ta zama a tashar San Juan, ba direba, ba man dizal, ba hanya. Abinci na jibge a bakin teku, mutanen kan dutse suna kwana da yunwa.

To a waɗancan makonni na farko, me ƙauyukan kan duwatsu irin su Orocovis da Utuado da Adjuntas suka ci? Da farko an ci ayabar da ta faɗi, aka rarraba wa maƙwabta kafin ta ruɓe. Da ta ƙare sai aka koma tono. Rogo, doya, dankali, gwaza: duk abin da ke binne a ƙasa iska ta kakkarya ganyensa amma ba ta kai ga saiwarsa ba. Waɗannan su ne abincin kakanninsu, rogo tun zamanin mutanen Taino da Turawa suka tarar a tsibirin, doya kuwa daga gaɓar Afirka ta Yamma ta tsallaka a zamanin cinikin bayi. Su ne amfanin da 'yan birni suka raina, ake musu kallon cimar talaka. Manomin da ya bar wa rogo da dankali kunya biyu ko uku a gefen gonarsa, shi ya ciyar da unguwarsa a lokacin da kantunan zamani ke rufe, firjinsu na wari. Wanda kuwa ya zuba gonarsa kaf da agade don kasuwa, ya tashi ba kuɗi ba abinci. A Orocovis akwai wata malamar noma, Dalma Cartagena, da ta shafe shekaru tana koya wa yara shuka a gonar makaranta. Bayan guguwar, a wannan 'yar gona yaran suka dawo suka sa hannu, tun kafin karatu ya daidaita.

Kada a ɗauka manoman sun tsira daga yunwa don kawai suna manoma. Wani ɗan tsibirin, Luis Alexis Rodríguez-Cruz, tare da abokan aikinsa a Jami'ar Vermont, sun tambayi manoma 405 bayan guguwar. Kusan 70 cikin 100 sun ce sun yi aƙalla wata guda suna fama da ƙarancin abinci a gidajensu, 38 cikin 100 kuma sun yi wata uku ko fiye a cikin wannan hali. Wannan adadi ya tsaya mini a rai. Mutumin da sana'arsa ita ce ciyar da jama'a, shi ne aka wayi gari bai san abin da zai ɗora wa iyalinsa ba.

Abin da wanda bai taɓa riƙe fartanya ba yakan kasa ganewa shi ne, gona tana da agogonta, kuma ba ta jiran kwamiti. Ganyen miya da latas wata guda zuwa kwana 40 an fara tsinka. Wake wata biyu da 'yan kwanaki. Kabewa da dankali wata uku zuwa huɗu. Rogo sai ya kusa shekara. Agade, idan an sare wanda ya kwanta aka bar 'ya'yan da ke tohowa daga gindi, shi ma wajen shekara. Kofi kuwa sai an yi shekara uku zuwa huɗu da dasawa kafin a ga abin kirki. Saboda haka manomin da ke son ya miƙe dole ya jera aikinsa bisa wannan tsari: mai saurin nuna ya riƙe ciki ya kawo 'yan kuɗin cefane, mai matsakaicin zango ya biyo baya, itace kuma a dasa shi ana haƙuri. Duk mako guda da aka yi ba a shuka ba, mako guda ne aka ƙara wa yunwa a gaba. Kuma kafin a kai ga shukar ma akwai jan aiki: a sare itatuwan da suka tare hanya, a ɗaura tamfol a kan ɗakin da rufinsa ya tashi, a gyara bututun da ke kawo ruwa daga maɓuɓɓuga, a kwashe kwanon rufi da tarkacen da iska ta watsa cikin gona, a tayar da shinge. Manomin Puerto Rico kuwa a matsakaici ya kai shekara 60. Dattijo shi kaɗai da adda, zai shekara bai gama share gonarsa ba.

A nan ne wata tsohuwar al'ada ta yi rana, al'adar da mu ma muka sani sarai, wato gayya. Akwai ƙungiyar manoma mai suna Organización Boricuá, wadda aka kafa tun 1989, ta ƙananan manoman da ke noma da takin gargajiya da haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya. Tun kafin Mariya sun saba, duk bayan wani lokaci a taru a gonar ɗaya daga cikinsu a yi masa aikin yini, a ci abinci tare, a yi musayar iri da dabara. Da guguwar ta wuce ba su tsaya neman izinin kowa ba. Suka haɗa ayari, mutum 20, 30, wani lokaci fiye, da adduna da injin yankan itace da guduma da tukwanen girki, su sauka a gonar mutum su kwana biyu ko uku, su share, su ja kunya, su kafa rumfar rainon dashe, su mayar da rufi, su wuce ta gaba. Aikin da zai ci wa mai gona watanni sai a gama shi kafin mako ya zagayo. Manoma daga wasu ƙasashen yankin da kuma Amurka sun zo sun shiga ayarin. Wata matashiya, Tara Rodríguez Besosa, wadda guguwar ta lalata mata wurin sayar da abincin da take saye daga hannun ƙananan manoma, ta haɗa asusu, ta samo mota ta cika ta da kayan aiki da iri da 'yan sa-kai, suna zagaya gonaki ɗaya bayan ɗaya. A Toa Alta kuma akwai gonar koyarwa ta El Josco Bravo, ƙarƙashin Ian Pagán Roig, inda ake huɗa da garmar shanu. A lokacin da masu tarakta ke kwana a layin dizal, shanu ciyawa kawai suke buƙata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan kowa ya sani. Abin lura a nan shi ne, waɗannan ayarori sun yi saurin tashi ne domin dama can akwai su. Sun san juna, sun san gonar wa ke bayan wane dutse, sun san wace tsohuwa ce ke zaune ita kaɗai, a lokacin da waya ba ta shiga, rediyo mai batir ce kaɗai ke kawo labari. Haka ma cibiyar Casa Pueblo da ke Adjuntas, wadda ta sa faifan sola a rufinta tun 1999. Lokacin da duk garin ke cikin duhu ita tana da wuta, nan mutane ke zuwa cajin waya da kunna na'urorin marasa lafiya, daga nan kuma aka rarraba fitilun sola dubbai. Ba a ƙulla irin wannan zumunci ranar da masifa ta sauka. Wanda ya zo daga nesa da kuɗi da kyakkyawar niyya, idan bai tarar da irin waɗannan mutane a ƙasa ba, zai yi ta yawo da buhunan iri bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Wani zai ce, to ai wannan labarin zumunci ne mai daɗin ji, amma ina hujjar cewa irin noman nasu ya fi jure guguwa? Hujjar tana nan, kuma ta girmi Mariya da kusan shekara 20. A ƙarshen Oktoban 1998 guguwar Mitch ta tsaya a kan Amurka ta Tsakiya tana zubar da ruwa kwana da kwanaki, ta kashe mutum sama da 11,000, yawancinsu a Honduras da Nikaragwa. A gindin dutsen Casita kaɗai, laka ta binne kimanin mutum 2,000. A wannan yanki dama akwai wani yunƙuri da ya faro a tsakanin manoman ƙabilar Maya na Gwatemala tun shekarun 1970, inda manomi ke koya wa manomi ɗan'uwansa, ba tare da jiran malamin gona daga birni ba. Abin da suke koyarwa ba wani abin mamaki ba ne: a ja kunya a gicciye bisa kwanciyar tudu don ta tare ruwa, a jera duwatsu, a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa a layi-layi, a daina ƙona gona, a shuka wake mai yaɗo ya lulluɓe ƙasa, a bar itatuwa a tsakanin shuka.

Bayan Mitch, wani mai bincike, Eric Holt-Giménez, ya haɗa kai da ƙungiyoyi kusan 40, aka kafa ayarin manoma da malaman gona, suka shiga ƙauyuka 360 a Nikaragwa da Honduras da Gwatemala. Dabararsu mai sauƙi ce kuma mai adalci. A nemi gona mai bin waɗancan hanyoyi, a nemi maƙwabciyarta da ba ta bi, masu gangara iri ɗaya, waɗanda ruwa ɗaya ya daka, a auna su biyun a gaban masu su. Sun auna gonaki sama da 1,800. Sakamakon ya nuna gonakin da aka tattala suna da ƙasar sama, wato wadda shuka ke ci, da ta fi ta maƙwabtansu da kashi 20 zuwa 40 cikin 100, sun fi riƙe laima, kwazazzabai sun fi ƙaranci a cikinsu, asarar kuɗin masu su ma ta fi sauƙi. Abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne manoman da kansu suka riƙe awon. Mutum ya haƙa rami a gonarsa ya haƙa a ta maƙwabcinsa, ya ga bambanci da idonsa. Mafi yawan maƙwabtan nan da suka gani sun ce su ma suna son koyo. An sake ganin makamancin haka a Kyuba bayan guguwar Ike ta 2008, a lardunan Holguín da Las Tunas, inda gonakin da suka haɗa amfani iri-iri suka yi asarar kimanin rabi, masu shuka abu ɗaya tal kuwa kashi 90 zuwa 100, kuma na farkon suka riga farfaɗowa.

Gaskiya dai ita ce, wannan ba laya ba ce. Binciken Mitch ɗin kansa ya nuna cewa inda gangara ta yi tsanani ko ruwan ya wuce misali, bambancin yakan ɓace, kowa ya kwashi kashinsa a hannu. A Puerto Rico ma gonakin 'yan Boricuá sun sha duka, rumfunansu sun tashi, itatuwansu sun karye. Iskar kilomita 250 ba ta tambayar irin takin da ka zuba. Amma akwai rata mai nisa tsakanin wanda ya rasa amfanin bana da wanda ya rasa ƙasar gonar kanta. Na farko zai shuka gobe. Na biyu, ƙasar da ruwa ya kwashe masa cikin dare ɗaya, jikokinsa ma ba lalle su ga ta dawo ba.

Yanzu bari mu zo kan hukuma, domin a nan ne raina ke ɓaci. Agajin gwamnati takarda yake bi, ƙaramin manomi kuwa a ko'ina cikin duniya shi ne mutumin da ba shi da takarda. A Puerto Rico gidaje da filaye da yawa gado ne da ba a taɓa rubutawa ba, ko kuma aro, ko haya ta baka. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta ƙi amincewa da buƙatun dubban iyalai saboda sun kasa kawo shaidar mallakar gidan da aka haife su a ciki. Manoma ma irin wannan katanga suka tarar: kawo rajistar zama cikakken manomi, kawo rasit, kawo shaidar abin da ka sayar bara, cike fom ta intanet a garin da ba wuta. Wasu tsare-tsaren kuma sai ka kashe kuɗinka tukuna a biya ka daga baya, alhali wanda gonarsa ta kwanta ina ya ga kuɗin kashewa? Masu inshora sun yi ta jiran biya. Babban shirin tallafa wa ƙananan manoma da aka ware wa sama da dala miliyan 90, mai suna Re-Grow, sai a 2020 aka buɗe shi, shekara uku bayan guguwar, kuma ko bayan buɗewar manoma sun yi ta kukan jan ƙafa. Shekara uku! Dankali ya nuna sau nawa a wannan tsakani? Babban manomi mai akanta da lauya zai iya jira. Ƙaramin kuwa, idan wata shida ya wuce ba shiga, sai ya kulle gida ya bi 'ya'yansa Florida.

Haka kuwa aka yi. Ƙidayar gonaki ta ma'aikatar noma ta Amurka ta nuna akwai gonaki 13,159 a tsibirin a 2012. A 2018 saura 8,230. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sun ɓace, kuma ƙananan ne suka fi tafiya. Ba za a ɗora wa Mariya duka ba, domin tsibirin dama yana cikin ƙangin bashin da ya haura dala biliyan 70, jama'a na ta ƙaura tun kafin ta zo. Amma guguwar ce ta tura, jinkirin agaji kuma ya hana a tare. Gayya ta ceci gonaki da yawa, sai dai gayya ba ta gina gada, ba ta shimfiɗa titi, ba ta ba da bashi mai sauƙi. Duk wanda ya ɗauki labarin ƙwazon manoman nan ya mai da shi hujjar cewa hukuma za ta iya naɗe hannu, ya zalunce su sau biyu.

An yi ƙoƙari a wasu ɓangarorin, kuma ya kamata a faɗa. Ƙungiyar Hispanic Federation da abokan hulɗarta sun tara kuɗi don rainon dashen kofi miliyan 2 a raba wa ƙananan manoma. Abu ne mai kyau, domin kofi shi ne rufin asirin mutanen kan dutse. Sai dai ni a ganina, duk shirin da ya miƙa wa mutum dashen da zai jira shekara huɗu, wajibi ne ya haɗa masa da abin da zai shuka a tsakanin layukan ya ci kafin nan, in ba haka ba dashen zai girma mai shi ba ya nan. Ƙungiyar World Central Kitchen ta mai dafa abinci José Andrés ta dafa abinci sama da kwano miliyan 3 da rabi a watannin farko, amma abin da na fi yaba mata shi ne abin da ta yi daga baya: da ta ga layin karɓar abinci ya ragu, sai ta juya ta shiga ba ƙananan manoma da masunta tallafin kuɗi kai tsaye, su sayi famfon ban-ruwa, ɗakin sanyi, rumfar dashe. Abincin agaji yana da lokacinsa, kuma a lokacin nasa rai yake ceta. Idan ya zarce lokacin, ya ci gaba da kwararowa kyauta daga waje daidai sa'ar da manomin gida ya kawo 'yar kabewarsa ta farko kasuwa, to ya zama kishiyar manomin. Mai agaji mai hankali yakan sayi abin da zai raba daga hannun manoman wurin da zarar sun fara girbi.

Batun iri ma haka yake. Bayan kowace masifa akan ga an yi ta turo iri daga ƙasashen sanyi, da zuciya ɗaya, amma wani ba ya jure zafi da laimar wurin, wani kuma irin kamfani ne da ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa. Rogo da dankali da agade kuwa ba a ma shuka su da ƙwaya. Sanda ce da yaɗo da 'ya'yan gindi, waɗanda ba sa zuwa a ambulan, sai dai daga gonar maƙwabci. Shi ya sa ajiyar iri a hannun manoma da yawa, a wurare daban-daban, ta fi rumbu guda ƙato a babban birni. Kuma ba a daɗe ba aka sake jarraba su: ranar 18 ga Satumban 2022 guguwar Fiona ta sauka da ruwa kamar da bakin ƙwarya, agade ya sake kwanciya. Waɗanda suka yi amfani da shekaru biyar ɗin nan suka kafa sola da tankin tara ruwan sama da ma'ajiyar iri, ba daga farko suka sake farawa ba.

Masu sauraro, mu Allah bai jarrabe mu da guguwar teku ba, amma ya jarrabe mu da ruwa. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta shafe gonaki a Jigawa da sauran jihohi ana dab da kaka. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, a shekarar kuma Nijar ta ga ambaliyar da ta daɗe ba ta ga irinta ba. Manominmu na Hadeja ko Auyo da ruwa ya cinye wa shinkafa, tambayarsa ɗaya ce da ta ɗan'uwansa na Orocovis: me zan shuka yanzu, ina iri, wa zai taya ni? Dabarar manomi ya koya wa manomi ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa 'yan ramuka a zuba taki a farfaɗo da fako, suka dawo da dabarar gida, wadda ake kira tassa, ta bazu daga gona zuwa gona. A Maradi da Damagaram manoma sun raya miliyoyin gawo da sauran itatuwa ta hanyar barin tohon kututture ya girma. Muna da abin a hannu.

Kirana ga gwamnatocin jihohi da hukumomin agaji shi ne, a rubuta sunayen ƙananan manoma tun yanzu, da rani, ta hannun masu unguwanni da dagatai da ƙungiyoyin manoma, har da mata da masu noman aro, kuma shaidar dagaci da maƙwabta ta wadatar a madadin takardar fili. Idan ruwa ya janye, irin wake da masara mai saurin nuna da yaɗon dankali da injin ban-ruwa su isa fadama cikin mako biyu, tare da buhun shinkafar agajin, tun ƙasa na da laima. Ku kuma 'yan'uwa manoma, a bar wa rogo da dankali wuri a gona ko da farashin wani abin ya fi tsoka, a raba ajiyar iri gida biyu, ɗaya a kan tudu, kuma ƙungiyar gayyar da ta mutu a unguwa a tashe ta bana, tun ana zaune lafiya.